Kafin Ku Ɗora Gida a Kan Taya



A 'yan shekarun nan wayoyinku sun cika da hotunan masu yawon duniya a motar tafi-da-gidanka, wadda ke da gado a ciki, da murhun gas, da ɗan firji, da tankin ruwa, wata ma har da makewayi. Sai ka ga saurayi da amaryarsa sun buɗe ƙofar baya a bakin teku, shayi na tururi, rana na shirin faɗuwa, ka ji kamar ka sayar da abin da ka mallaka ka bi su. Sha'awar ba laifi ba ce, tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai babu mai ɗaukar hoton daren da ya kwana a ƙarƙashin mota da tocila a baki, alhali kowace doguwar tafiya tana da irin wannan dare. Wani tsautsayin yakan zama labarin da za a riƙa ba jikoki ana dariya, wani kuwa ya ƙare da zaman makoki. Sau da yawa abin da ya raba su bai wuce abu biyu ba: shirin da aka yi tun a gida, da shawarar da aka yanke bayan abu ya lalace.

Wannan salon tafiya ya fi ƙarfi a Turai da Amurka da Ostireliya, inda aka tanadi filayen zango masu famfo da wutar lantarki da wurin zubar da ƙazanta. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara fitar da ƙaramar bas ɗinsa a 1950, ba a jima ba kamfanin Westfalia ya shiga sa mata gado da kabad, ta zama abin hawan matasan Turai masu son ganin duniya da kuɗi kaɗan. Mu ma ba a labari kawai muka san su ba. Ku tambayi manyanku da suka tashi a Agadas ko Damagaram ko Kano a shekarun 1970 da 1980, za su gaya muku yadda Turawa ke saukowa daga Sahara, fuska ta ƙone, kai ya yi buɗu-buɗu da ƙura, ga jarkoki jere a kan rufin mota. Daga Aljeriya suke biyowa ta Tamanrasat zuwa In Gezzam, su tsallaka iyaka a Assamaka, su faɗa Arlit, sai Agadas. Daga nan wasu su yi Yamai, wasu su gangaro Damagaram su shigo Kano. Akwai ma waɗanda tsofaffin motocin Peugeot suke korowa su sayar, su yanki tikitin jirgi su koma gida. Yaƙin basasar Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 ne suka tsinke wannan zirga-zirga.

Mu fara da ƙananan abubuwa, waɗanda iyakarsu asara da jin kunya. Mai irin wannan mota kamar kunkuru yake, duk inda ya nufa ɗakinsa na bayansa, ɗaki kuwa ba don gudu aka yi shi ba. Gari ya waye, an karya kumallo, kowa na ɗokin kama hanya. Direba ya tayar da mota bai zagaya ta ba. Kwanar farko da ya sha, ƙofar firji ta wangale, ƙwai ya tarwatse, kwalbar man gyaɗa ta gangara ƙarƙashin kujera tana tsiyaya, madara ta bi shimfiɗa. Ana cikin salati sai aka ji ƙara daga waje, ashe wayar wutar da aka jona da dare ba a cire ba, an fizgo ta da akwatinta. Wani rumfar da ya kafa a gefen mota ya manta bai naɗe ba, bishiyar farko ta karɓe ta. Wani a gidan mai ya zura bututun dizal a bakin tankin ruwan sha, domin marafen biyu sun yi kama. Wani kuma ya je zubar da tankin makewayi bai ɗaura tiyo da kyau ba. Sauran labarin ku ƙarasa da kanku. Maganin wannan duka takarda ce guda a liƙe kusa da sitiyari, an jera abin da za a duba, da mutum ɗaya tak da aka ɗora wa alhakin zagaya mota da ƙafa kafin a tashi, ya dubi sama ya dubi ƙasa. In alhakin na kowa ne, to ƙarshensa "ai na ɗauka kai ka rufe".

Sai batun tsayi. A garin Durham na jihar Karolina ta Arewa a Amurka akwai wata gadar jirgin ƙasa da a da ratar ƙarƙashinta ba ta wuce mita 3.56 ba. Wani mutum da ofishinsa ke kallon wurin ya kafa kyamara tun 2008, ya kuwa ɗauki karo fiye da 100. Manyan motoci gadar kan yaye musu rufi, masu motar kwana kuma takan share musu na'urar sanyaya ɗaki da ke sama, ta bar su da rami. Ga alluna, ga fitilar gargaɗi tana walƙiya, amma a banza. A 2019 aka ɗaga gadar da kusan santimita 20, har yanzu ba a daina dukanta ba. Dalili shi ne hannun direba da idonsa sun saba da ƙaramar motar da yake hawa kullum, sai ya manta yau abin da yake ja ya fi mita uku. Ku gwada tsayin motarku da kanku bayan kun gama lodin rufi, ku rubuta lambar da manyan baƙaƙe a inda ido zai riƙa faɗa mata.

Nauyi ya fi tsayi mugunta, domin shi ba ya nuna kansa sai ana tsakiyar gudu. Marubucin nan ɗan Amurka, John Steinbeck, wanda ya ci kyautar Nobel a 1962, ya zagaya ƙasarsa a 1960 cikin a-kori-kura da aka ɗora wa ɗaki, shi da karensa. A littafinsa Travels with Charley ya ba da labarin yadda ya danƙara wa motar littattafai da gwangwanayen abinci da kayan aiki fiye da kima, har a jihar Oregon, ranar wata Lahadi ana tafka ruwa, tayar baya ta fashe, ya sha wahalar canja ta cikin taɓo. Kuskuren da ya yi shi ne na kowane sabon shiga: komai ya gani sai ya ce ƙila a buƙace shi. Ku tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 100 ya fi babban mutum nauyi. A Turai lasisin tuƙi na gama-gari bai yarda da motar da ta wuce kilo 3,500 ba, don haka yawancin motocin kwana a kan wannan iyaka ake ƙera su, abin da ya rage wa mutane da kayansu 'yan ɗaruruwan kilo ne kawai.

Taya kuma tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, musamman ta motar da ke shafe watanni a ajiye cikin rana. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna haihuwarta. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar ko shida ku riƙa yi mata kallon tuhuma, kada ku manta da safaya. Wanda ɗakin nasa tirela ce da yake ja a baya, ya sa kaya masu nauyi a ƙasa, a kan tayoyinta ko ɗan gaba da su. In nauyi ya taru a wutsiya, babbar mota na giftawa ko iska na bugowa sai tirela ta fara rawa, tana wujijjiga motar da ke janta. A lokacin zuciya birki take cewa a danna da ƙarfi, wannan kuwa shi ke kifar da mutane. A ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a bar gudu ya ragu a hankali. Haka nan a doguwar gangara, wanda ya dogara ga birki kaɗai zai ji ƙauri, ya taka ya ji fayau. Giyar da za ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko.

Akwai kuma makashin da ba shi da launi ba shi da wari. Duk abin da ke ci da wuta a rufaffen wuri, murhun gas ne ko gawayi ko janareto, yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Mun sha jin yadda hayaƙin janareto ya hallaka iyali guda cikin dare a garuruwanmu, to ɗakin mota ya fi ɗakin gida ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sanyi ya matsa, wani ya ce bari a bar murhu a kunne a rufe tagogi, shi ke nan. Alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Kada a ɗumama ɗaki da murhun girki, kada a shigo da gawayi, janareto ya yi nesa da taga, a sayi 'yar na'urar da ke ƙara in iskar ta taru.

Gajiya ma tana da nata rabon. A hanyar Eyre da ke ratsa kudancin Ostireliya akwai wani miƙaƙƙen yanki mai tsawon kilomita 146.6 ba kwana ko ɗaya, inda ido ke buɗe amma hankali ya yi barci. Mazauna can ba sa son tuƙi da almuru ko da asuba, saboda a lokacin ne kangaru ke fitowa titi. Idan kuna ganin fili fetal ba ya buƙatar lura, ku tuna da bishiyar Tenere. A da ita kaɗai ce tsaye a wannan sarari na hamadar Nijar, babu wata kusa da ita sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100, ayarin gishiri da ita suke gane hanya. Amma a 1973 wani direban babbar mota, wanda aka ce a buge yake, ya rasa abin da zai daka sai ita. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Yanzu mu shiga rairayi, inda wasa ke ƙarewa. Tsakanin Tamanrasat da In Gezzam kusan kilomita 400 ne, a shekarun 1970 da 1980 kuwa galibinta ba kwalta, sai gargada da yashi mai laushi, ga gawarwakin motoci a gefe suna yi wa mai wucewa wa'azi. In mota ta kafe, sabon shiga totur yake ƙara takawa, taya ta yi ta haƙa wa kanta kabari har cikin mota ya zauna a ƙasa. Wanda ya san hanya kashe injin yake yi nan take. A sauke jarkoki da fasinjoji, a sace iskar tayoyi har su baje, a durƙusa da shebur a kwashe yashin gaban kowace taya, a cusa faifan ƙarfe a ƙarƙashi. Direba ya ja a hankali, sauran na turawa, mota ta yi mita uku ko huɗu ta sake nutsewa. A tono faifan da ya binne, wanda zafinsa ke ƙona tafin hannu, a kai shi gaba, a sake. Wani lokaci yini guda ake yi a kan abin da bai kai tafiyar minti biyar da ƙafa ba. In an fita kuma sai a koma yi wa tayoyi huɗu iska da famfon ƙafa. Masu hankali ba sa wannan aiki da tsakar rana. Inuwa suke kafawa su jira la'asar, domin gumin da aka zubar ruwan jarka ne zai biya shi.

Ga labari biyu, ku auna su. A watan Janairun 1982, Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓace a Sahara yayin tseren motoci na Paris zuwa Dakar, shi da abokiyar tuƙinsa da bakanike, bayan ƙarfen tayoyin bayan motarsu Peugeot 504 ya lalace. Suka zauna a gindin motar suna tsimin ruwa. Bayan kwana shida jirgin sojan Aljeriya ya hango su, aka ɗauko su da rai. A watan Yulin 1996 kuma, wasu Jamusawa huɗu, manya biyu da yara biyu, suka shiga Kwarin Mutuwa na jihar Kalifoniya a ƙaramar bas ta haya. A wannan kwari ne aka taɓa auna zafin da ya kai digiri 56.7 a 1913. Suka bar kwalta suka bi wata tsohuwar hanyar duwatsu da ba ta dace da motarsu ba, masu bincike na kyautata zaton yanke suka so yi, ga ranar jirginsu ta komawa gida ta matso. Sai a watan Oktoba aka ga motar a kafe, tayoyi uku sun fashe, ba kowa ciki. Ba a gano ƙasusuwa ba sai a 2009, kilomita da dama daga wurin.

An saba cewa in mota ta mutu a daji kada a bar ta, kuma gaskiya ne: daga sama an fi hango mota a kan mutum, tana ba da inuwa, madubinta na haska wa jirgi, safayarta in an ƙona tana tayar da baƙin hayaƙi. Amma zaman yana da amfani ne idan akwai mai nemanka. An nemi na farko domin an san hanyar da ya bi da ranar da ya kamata ya iso. Na biyun babu wanda ya san inda suka karkata. Saboda haka kafin ku shiga wurin da waya ba ta kamawa, ku gaya wa wani amintacce hanyar da za ku bi, da ranar da in bai ji ku ba zai tayar da magana, kuma kada ku sauya hanyar a ɓoye. Ku ɗauki ruwan da zai ishi kowane mutum lita biyar zuwa goma a yini, da rarar kwanaki, a jarkoki daban-daban don kada huda ɗaya ta zubar da duka. Mu ba sai an kai mu Amurka neman misali ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Allah ya jiƙansu.

Abin da ya fi wuya ga matashi shi ne juyawa. Hanya ta fara lalacewa, zuciya na cewa ai an yi nisa, gaba kaɗan za ta gyaru, kuma me abokai za su ce? Taswirar waya ba ta san nauyin motarka ba, ba ta san ruwan jiya ya cinye gada ba. Direban babbar motar da ya fito daga can yau da safe ya sani, mai shayin bakin tasha ma ya sani, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ayarin da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri bai taɓa tashi babu madugu ba, ko da kowa a cikinsa ya san raƙumi. Wanda ya juya ya yi asarar yini ɗaya da ɗan mai, gobe ma rana ce.

In kuna neman wanda za ku yi koyi da shi, ga Gunther Holtorf, wani Bajamushe da ya fita da niyyar zagaya Afirka na wata 18, tafiya ta miƙe masa har shekara 26. Ya kammala a 2014 bayan ya ci kusan kilomita 900,000 a mota ɗaya ƙirar Mercedes da ya sa wa suna Otto, a cikinta yake kwana shi da matarsa, a gefenta suke girki. Sirrinsa ba wani abin mamaki ba ne. Ba ya wuce gudun kilomita 80 a sa'a, yana ɗauke da ɗaruruwan kayan gyara a akwatunan rufi, kuma yakan canja abu tun bai lalace ba. Motar tana gidan tarihin kamfanin a Stuttgart. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Kada wannan duka ya sa ku ɗauka hanya ba ta da daɗi. Abin lura shi ne, in matafiya suka zauna hira, ba su cika tuna ranakun da komai ya tafi daidai ba. Shi Steinbeck abin da ya fi zauna masa a Lahadin da tayarsa ta fashe shi ne mai wani ɗan gidan mai, mutum mai ban tsoro a fuska, wanda ya yi ta buga waya har aka samo masa tayoyi masu ƙarfi. Turawan da suka ratsa ƙasashenmu ma labarinsu ke nan: bakaniken da ya ƙera abin da babu shi a kasuwa, Buzun da ya dafa musu shayi a gindin motar da ta mutu, matar da ta aiko da ƙwaryar fura ba ta san sunansu ba. A garin Watson Lake na Kanada, a kan hanyar Alaska, wani soja mai kewar gida ya kafa allo da sunan garinsu a 1942 lokacin da ake gina hanyar. Matafiya suka yi ta ƙara nasu, yau alluna dubun-dubata ne a wurin.

Wannan alheri yana da haƙƙi a kanku. In dare ya yi muku kusa da ƙauye, ku nemi mai gari ku yi sallama kafin ku kafa zango. Kada ku ɗauki hoton mutum ba da izninsa ba, kada ku bar shara, kada ku zubar da ƙazanta kusa da rijiya. Kada ku kwana a cikin busasshiyar ƙorama don yashinta ya yi laushi, ruwan da aka yi a kan duwatsu nesa yakan iso cikin dare ba sallama. In kun ga wani a tsaye da buɗaɗɗen bonet a wurin da babu kowa, kuma hankalinku ya kwanta da shi, ku tambaye shi ko yana da ruwa. A cikin motar ma a yi haƙuri da juna. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, balle a ɗakin da bai fi taku uku ba. Yawancin faɗan hanya yunwa ce da gajiya, don haka a ci abinci kafin a yanke shawara, kuma ranar da wani ya yi kuskure a gyara abin tukuna, maganar laifi ta jira.

Wanda abin ya shiga ransa da gaske, ya fara da kaɗan. Ya yi kwana biyu a wurin da bai fi tafiyar rabin yini daga gida ba, ya ga abin da ya manta da abin da ya ɗauko a banza. Ya je gareji ya zauna da bakanike, ya koyi canja taya da fambel, da duba mai da ruwan lagireto, da hannunsa, ba a bidiyo ba. Ya binciki halin tsaron hanya a ranar tafiya, domin hanyoyi da dama na yankinmu da aka bi lafiya a da yanzu ba sa biyuwa, ya kuma yi zango tun rana na sama. Ya nemi albarkar iyaye, ya yi addu'ar tafiya, ya tuna malamai sun sha gaya mana tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya haɗa ku da mutanen kirki a duk inda dare ya yi muku.